Kula da tsoho: wa ke biya a gidanku?

Daga Tsafe nake magana, kuma yau zancen iyayenmu tsofaffi za mu yi.

A Amurka akwai unguwannin da ake ginawa don tsofaffi kawai. Tsoho ya kama ɗaki, a dafa masa, a share masa, a kai shi asibiti, shi kuma ya biya duk wata, sau da yawa dala 3,000 ko fiye. Mu in mun ji haka sai mu ce, "Allah Ya kiyaye, mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu." Gaskiya ne. Amma fa kar mu ruɗi kanmu, mu ma muna biya. Sai dai ba a rubutawa, kuma yawanci kan mutum ɗaya nauyin ke faɗawa.

Bari in ba ku misali da gidanmu. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, Inna ta dawo cikin gari wurin ƙanena. Ga hawan jini, ga ciwon suga. Magani duk wata, gwajin jini, kuɗin mota zuwa asibitin tarayya na Gusau in ranar ganin likita ta zo. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, komai ya haura. Mai albashi ma kuka yake, balle ƙanena da awon hatsi kawai yake a kasuwa.

Mu shida Inna ta haifa. Sai mu zo da Sallah da turmin atamfa, mu sha albarka, mu tafi. Mai wanki, mai tashi cikin dare, matar ƙanena ce. Ranar da na ji ya sayar da awakinsa biyu don maganin Inna bai gaya wa kowa ba, wallahi kunya ta kama ni.

To, sai muka zauna. Muka rubuta abin da ake kashewa a wata, kowa ya ɗauki kaso gwargwadon ƙarfinsa, ana turawa farkon wata ba sai an roƙa ba. Muka kuma ware wani abu na matar ƙanena, don ita ma ɗawainiyarta ba ta banza ba ce.

Kai da kake saurare, ka san nawa ne maganin mahaifiyarka na wannan watan? In ba ka sani ba, akwai wanda ke biya a madadinka. Kira shi yau.

Allah Ya ba mu ikon yi musu hidima. Sai mun haɗu a shiri na gaba.