Tulin Guba a Akokan

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙar yuraniyom ta Akouta da ke dab da Akokan, kusa da Arlit, bayan fiye da shekara 40 ana haƙa. Ma'aikata sun watse, amma dusar ma'adinin tana nan jibge, kimanin tan miliyan 20, a filin Allah.

Gubar da ke cikin dusar nan ba ta da wari, ba ta da launi. Sai an kara na'urar awo a ƙasa ake sanin tana nan. Haka masu binciken Greenpeace suka yi a 2009, suka same ta a titunan Akokan da aka yi wa ciko da duwatsun mahaƙa, inda yara ke wasa.

Kamfanin Orano na Faransa, mai hannun jari a COMINAK, ya yi alkawarin lulluɓe tulin da yumɓu da dutse, kaurin mita 2, don danne iskar radon da hana ruwan sama ratsawa. Aikin ya dace. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa da garin ke sha. Wa zai riƙa auna rijiyoyin nan da shekara 50? Ya kamata hukumomin Nijar su ɗauki nasu masu awon, a riƙa karanta wa mutanen Arlit sakamakon da Hausa da Tamashek.