Yadda Kwamfuta Za Ta Kama Wi-Fi da Kanta Tun Daga Tashi

Batun wannan lacca shi ne yadda za a shirya kwamfuta ta kama Wi-Fi, watau haɗin intanet marar waya, da zarar ta tashi, tun kafin kowa ya zauna gabanta. Misalin da za a bi shi ne na kwamfuta mai aiki da Linux.

A ofisoshi da makarantu akan sami kwamfuta guda wadda ke riƙe da takardun albashi ko sakamakon jarrabawa, sauran na'urori kuwa daga gare ta suke ɗiba. Idan aka ɗauke wuta da dare, sa'an nan aka maido, tana iya tashi amma ta zauna a katse. Gari ya waye aiki ya tsaya cik, har sai ma'aikacin da ke kula da ita ya iso.

Dalili kuwa shi ne wurin da aka ajiye kalmar sirri. A yawancin ire-iren Linux, manhajar da ke lura da haɗi ita ce NetworkManager, wadda kamfanin Red Hat ya fito da ita a 2004. Sau da yawa kalmar sirrin Wi-Fi tana cikin ma'ajiyar mutum ɗaya, ma'ajiyar nan kuwa ba ta buɗuwa sai mai ita ya shiga da sunansa. Saboda haka in bai zo ba, kwamfuta ba ta da abin da za ta miƙa wa rauta, akwatin nan mai rarraba intanet.

Gyaran matakai uku ne. Na farko, a tabbatar an sa NetworkManager cikin ayyukan da ke farawa tare da na'urar. Na biyu, a buɗe saitin haɗin, a zaɓi ya riƙa kamawa da kansa, a kuma yarje wa dukan masu amfani da kwamfutar su yi aiki da shi. Na uku, a mai da kalmar sirri hannun na'urar kanta, ta bar ma'ajiyar mutum ɗaya.

Amma fa akwai hattara. Yanzu kalmar tana rubuce cikin fayil wanda babban mai kula da na'urar kaɗai ke da ikon karantawa. In aka sace kwamfutar, tilas ne a sake kalmar nan take. Har wa yau, a guji tsohon tsarin tsaro na WEP, wanda masana suka tona rauninsa a 2001. A yi aiki da WPA2 na 2004, ko WPA3 na 2018.

Daga ƙarshe, sai an gwada akan san na ƙwarai. A kashe kwamfutar, a kunna, kada kowa ya shiga, sa'an nan a neme ta daga wata na'ura da umurnin ping. In ta amsa, aiki ya kammala.