Kurangar Inabi a Sawun Sojojin Rum

Ko mutum bai taɓa kusantar giya ba, tarihin gonakin inabin Turai ya cancanci a kasa masa kunne, domin labarin mulki ne da fatauci.

Kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka kafa birnin Marsey a kudancin Faransa, suka dasa inabi. Amma a ganina Rumawa ne suka yi babban aikin. Duk inda rundunarsu ta yada zango sai an kai mata giyar inabi, wadda suke sirkawa da ruwa. Ɗauko ta daga Italiya cikin dogayen tulunan yumɓu masu tsinin gindi akwai wahala, ga tsada, ga fashewa a hanya. Sai aka koma dasa kurangar a bakin koguna, irin su Ron da Mozel, aka kuma karɓi gangar katako daga mutanen Gol, wato yankin Faransa ta yau.

A shekara ta 92 bayan haihuwar Annabi Isa, Sarkin Rum Domishiyan ya umarci a tumɓuke rabin gonakin inabin lardunan daularsa don a noma alkama. Manoma suka yi kunnen uwar shegu, har Sarki Purobus ya ɗage haramcin wajen 280. Yankunan Bordo da Bagandi na Faransa, da giyarsu ke tsada yau, tun zamanin Rumawa ake noman inabi a cikinsu.