Makullin ruwa: jawabi ga kwamitocin foraji na yankin makiyaya



Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta tabbatar ma makiyayi hakkin shayar da dabbobinsa a mashaya ta jama'a. Amma ku sani, ranar da makullin ruwa ya lalace a tsakiyar bazara, ya hana garke sha kamar yadda mutum zai hana. Saniya guda tana shan lita 30 zuwa 40 a yini lokacin zafi. In aka daɗe babu ruwa, sai gawa a bakin kwami.

Kuskure na farko wajen saye ne. Ana zuwa kasuwa a ɗauko mai araha, bakinsa bai dace da tuyo ba, a matsa shi da roba. Araha ba ta ado. Ku tafi da tsohon a hannu, ku sayi daidai da shi, ku ƙara guda na ajiya.

Na biyu wajen ɗaurawa. Kilafe, wanda ke hana ruwan shato komawa cikin rijiya, yana da kibiya a jikinsa. Kibiyar ta bi inda ruwa ke tafiya. In an juya ta, inji zai yi ta kuka, ruwa ba zai hau ba. Kafin a ɗaura, a saki ruwa ya wanke yashin cikin tuyo, don yashi ne ke cin makulli. A kuma gina masa akwati mai marfi, kada shanu su taka shi.

Na uku wajen aiki da shi. Mai sitiyari, a buɗe shi duka ko a rufe duka. Rabi-rabi yana cinye cikinsa. Mai hannu, a rufe shi sannu a hankali, don rufewa farat ɗaya tana bugun tuyo har ya fashe. In ya ƙi juyawa, kada a sa masa sanda ko dutse, a kira mai gyara. Kowane wata a murɗa dukansu, har da damina da ba kowa a foraji.

Daga ƙarshe, kuɗin shayarwa a rubuta su, a ware na gyara. Foraji da ya tsaya, garkuna ke kwarara zuwa rijiyoyin wasu, nan rigima ke tashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.