JAWABI A KAN LAFIYAR TSOFAFFINMU



Cikin waɗanda suka ɗebo ruwa da ƙasa a ka domin aza harsashin wurin nan shekara 50 da suka wuce, kaɗan ne suka rage, waɗansunsu kuwa suna kwance a ɗaka a nan Ribah. In an tambaye mu me ke damunsu, sai mu ce, "Ai tsufa ne." Wannan amsa ce muke so mu duba yau.

A shekarar 1935 aka danƙa wa wata likita a Ingila, Marjory Warren ta asibitin West Middlesex, tsofaffi da gajiyayyu 714 waɗanda aka riga aka fid da rai gare su. Abinci kawai ake ba su, ana jiran ranarsu. Ita kuwa ta bi su ɗaya ɗaya tana dubawa. Ta tarar da yawansu suna da ciwon da yake da suna, yake kuma da magani. Ta tashe su daga gado, ta sa aka koya wa masu shanyewar jiki tafiya, har da yawa suka koma gidajensu. A 1947 ita da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar likitocin tsofaffi. Ta rasu a haɗarin mota a Faransa a 1960.

A ƙasarmu ma an yi aiki. Daga 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi na Ibadan, tare da likitocin Amurka, suka bincike gigin tsufa cikin masu shekara 65 zuwa sama. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, 'yan'uwa. Mu faɗi gaskiya, gama mun sha gani: tsohuwa ta manta sunan jikanta, ta fita da dare tana sambatu, gari ya waye ana ce mata mayya. Wannan abin kunya ne gare mu.

Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi a 2012, amma Ibadan da nisa. Saboda haka muna roƙon Zumuntar Mata da matasa su rubuta sunan kowane tsoho da ya daina fitowa, a kai shi asibiti a nan ko a Zuru, a auna jininsa da sukari, a duba masa yanar ido, kafin damina ta ɓata hanya.