Kada a Gurje Anini

A gidajen Ƙofar Nassarawa ba a rasa tsohuwar da ta ɓoye anini ko kwabo mai huji a ƙasan kwalla, kuɗin da ake kashewa kafin zuwan naira a 1973. Jika ya tsinta, sai ya ɗauko toka da lemon tsami ya hau gurza har ya yi ƙyalli. Wallahi ɓarna ce.

Waɗanda suka daɗe suna tara tsofaffin kuɗi kullum gargaɗinsu ɗaya ne ga sabon shiga: duhun nan da shekaru suka shafa masa shi ne shaidar tsufansa. Toka tana karce rubutun da shekarar bugu, tsamin lemo yana cin ƙarfen, darajarsa ta zube.

In ƙasa ce ta maƙale, a jiƙa shi a ruwa mai tsabta, a tsane da ƙyalle mai laushi, a riƙa kama shi ta gefe.