Idan Jin Iyayenmu Ya Ragu: Yaya Za Mu Yi Musu Maganar?

 Abin da za mu yi magana a kai yau yana cikin gidaje da yawa, amma ba a cika faɗinsa a fili ba, wato raguwar ji da ke zuwa da tsufa, da kuma yadda za mu tunkari dattijo da zancen ba tare da mun ci masa fuska ba.

Za mu fara da abin da ya faru a gidanmu. Mahaifinmu mutum ne mai son jama'a, ba ya fashin taron dattawa, kuma shi ake kira idan an sami saɓani a dangi. Sai muka ga ya fara janye jiki. Idan ana hira da dare yakan tashi ya shige ɗaki. A majami'a ya daina amsa gaisuwar waɗanda ke bayansa, har wasu suka ce girman kai ya shige shi. Rediyonsa kuwa har maƙwabta suna ji. Mu 'ya'yansa muka ɗauka rigimar tsufa ce. Ba mu farga ba sai ranar da aka ba shi magani a asibiti, aka ce ya sha sau ɗaya a rana, shi kuwa ya riƙa sha sau uku, domin bai ji ba, kuma ya ji kunyar sake tambaya. Allah ya kiyaye.

Sai muka yi kuskure na biyu. Ɗaya daga cikinmu ya ce masa a gaban baƙi, "Baba, ai kurumta ce ta kama ku." Ya yi shiru, bai ce kome ba, amma ya yi wata uku bai yarda an sake tayar da zancen ba. Magana zarar bunu ce. Abin da muka koya daga wannan kuskure shi ne muka kawo muku.

Da farko, ya kamata mu san abin da ke faruwa a kunnen. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, a cikinsa kuma akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, waɗanda ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Shekaru da yawan ƙara suna kashe su a hankali, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Waɗanda ke jin siririn sauti su ne ke fara lalacewa. Shi ya sa tsoho yakan ji ana magana amma kalmomin su cakuɗe masa: "sauri" ya zama "tauri", "kishi" ya zama "kifi". Shi ya sa kuma muryar mata da ta yara ta fi ba shi wuya, hira cikin taro ta fi masa wahala a kan ta mutum biyu. Don haka idan Baba ya ce, "Ina ji, ku ne ba kwa fitar da magana," ba ƙarya yake yi ba, haka abin yake zuwa masa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2021 ya nuna mutane kusan miliyan 430 a duniya suna da raguwar ji da ke bukatar kulawa, kuma cikin waɗanda suka wuce shekara 60, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu abin ya shafa. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet, a rahotanninsa na 2020 da 2024, ya sa raguwar ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa na tsufa, waɗanda kuma za a iya yin wani abu a kansu. Ga kaɗaici da baƙin ciki, ga haɗarin tsallake titi ba a ji ƙahon mota ko babur ba.

Kada kuma mu ɗora kome a kan tsufa. Wani dauɗar kunne ce kawai ta toshe shi, idan ma'aikacin lafiya ya wanke sai ji ya dawo. Wani shekarun da ya yi a bakin injin niƙa ko janareta ne. Sanƙarau, irin annobar da ta ratsa arewacin Nijeriya a 1996, ya bar mutane da yawa da kurumta, haka ma zazzaɓin Lassa. Wasu allurai, kamar jentamaisin da sitireftomaisin, suna iya taɓa ji. Ciwon suga da hawan jini su ma suna da hannu. Gwaji ne kaɗai zai bambance.

To, yaya za mu yi maganar?

Na ɗaya, a zaɓi wanda zai yi ta. A al'adarmu akwai kunya tsakanin iyaye da ɗan fari, akwai kuma wasa tsakanin kaka da jika. A gidanmu wata jika ce ta buɗe ƙofar, cikin raha, sannan ƙanin Baba ya ƙarasa. Wani gidan abokin tsohon ne zai fi dacewa, musamman idan shi ma ya sha fama da abin. Kada a taru a kansa kamar ana shari'a.

Na biyu, a zaɓi lokaci da wuri. Ba a gaban baƙi ba, ba a gaban surukai ba, ba kuma lokacin da aka gama maimaita magana sau huɗu rai ya ɓaci ba. A sami wuri marar hayaniya, da rana, a kashe rediyo.

Na uku, a fara da tambaya, a bar zargi. Maimakon "Ba kwa ji," sai a ce, "Baba, mun lura kun rage zuwa taron dattawa, ko hayaniyar wurin tana damunku?" Ko kuma, "Mama, muna kewar hirarku da dare." Daga nan sai a yi shiru a saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da Baba ya buɗe baki, sai muka gane tsoronsa shi ne a daina neman shawararsa, a mai da shi abin dariyar yara. Wannan tsoro shi ya kamata a fara kwantarwa.

Na huɗu, a roƙi abu ɗaya ƙarami, wato gwaji. Kada a fara da zancen na'ura. A ce, "Mu je a duba, wataƙila dauɗa ce." Gwajin ba ya ciwo: za a leƙa kunnen, a sa masa abin saurare, ya ɗaga hannu idan ya ji sauti. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, kuma asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Jos suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. A raka shi, amma a bar likita ya yi magana da shi kai tsaye. Idan ya ƙi yau, a dawo bayan mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Wuri ɗaya ne ba a jira: idan ji ya ɗauke farat ɗaya, ko kunne yana fitar da ruwa, ko akwai jiri mai tsanani, a tafi asibiti nan da nan.

Na biyar, mu gyara namu bakin. An koya mana mu sunkuyar da kai, mu rage murya a gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau, amma mai raguwar ji yana taimakon kunnensa da idonsa. Mu roƙi izini mu fuskance shi, haske yana kan fuskarmu, kada mu rufe baki da mayafi. Mu kira shi ya juyo kafin mu fara. Mu yi magana dalla-dalla, ban da ihu, domin ihu yana murɗe kalmomi, yana kuma kama da faɗa. Idan bai gane ba, mu sake faɗi da wasu kalmomi. Kuma mu daina cewa, "Bar shi kawai, ba kome." Baba ya gaya mana wannan kalma ta fi kowace yi masa ciwo.

Idan likita ya ce a sa na'urar taimakon ji, mu faɗi gaskiya: ba ta mayar da kunne sabo, kuma ana ɗaukar makonni kafin a saba da ita. Ana saita ta daidai da sakamakon gwajin mutum, saboda haka wadda aka saya a kasuwa ba tare da gwaji ba tana iya ƙara hayaniya kawai. Tana da tsada, tana bukatar batir ko caji, don haka 'ya'ya su zauna su raba nauyin tun da wuri. A kuma daina sa tsinken ashana ko gashin kaza a kunne, a daina ɗiga mai ko ruwan ganye.

Ikilisiyoyinmu ma suna da nasu aikin. A keɓe wa dattawa kujerun gaba inda za su ga fuskar mai wa'azi, amma nesa da bakin lasifika. Masu kula da sauti su rage ƙara, domin abin da ke sa kunne ƙugi bayan sujada yana cin jin yaranmu ma. A rubuta lambar waƙa da wurin karatu a allo. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, zumuntar mata ko ta matasa za ta iya gayyato ma'aikacin lafiya a wannan mako.

Baba ya yarda da gwajin bayan kusan rabin shekara. An wanke masa kunne, aka sa masa na'ura. Har yanzu taro mai yawa yana gajiyar da shi, amma ya koma wurinsa a cikin dattawa, kuma da auren ƙanwarmu ya tashi, shi ya zauna da dangin ango ya yi magana da bakinsa.

Kowa ya tuna da tsohon da ke gidansa wanda ya yi shiru a 'yan shekarun nan, ya je ya zauna a gabansa cikin wannan mako. Allah ya ba mu haƙuri da tattausan harshe, ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Amin.